Dalar Kaka: Daga Teku Ko Daga Sahara?

Tambaya: A adudun marigayiya kakata na tsinci wani tsohon kuɗin azurfa mai hoton mace, an rubuta 1780 a jikinsa. Wani dillali ya ce irin waɗanda ake tsamowa ne daga jiragen ruwan da suka nutse, kuma yana so ya saya. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Dauran, ƙaramar hukumar Zurmi.

Amsa: Malam, Allah ya ji ƙan kaka. Abin da ke hannunka dalar Mariya Tarisa ce, sarauniyar Ostiriya da ta rasu a 1780. Tun rasuwarta, duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata, har wadda ake bugawa yau a birnin Biyana. Saboda haka lambar ba shaidar tsufa ba ce.

Zancen teku kuwa, da wuya. Irin wannan dala a bayan raƙuma ta shigo ƙasar Hausa, fatake suka ratso Sahara da ita daga Tarabulus. Lokacin da wani Bature mai suna Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjin guda. Iyayenmu mata suka mai da ita ajiya da ado, maƙeran fari kuma suka narkar da da yawa suka yi mundaye da zobba, shi ya sa wadda ta tsira ba huji nake ganin ƙimarta.

Kuɗin teku akwai su, ba ƙarya ba ne. A watan Agustan 1944 Jamusawa suka nutsar da jirgin Amurka mai suna John Barry daura da gaɓar Oman, ɗauke da riyal miliyan 3 na azurfa da za a kai Saudiyya. Sai a 1994 aka tsamo fiye da miliyan ɗaya. Amma masu tara irin waɗannan ba sa saye sai da takardar shaidar jirgin da suka fito. Ina ta kaka?

Kafin ka saurari kowane tayi, kai ta wurin mai awon zinariya a Ƙauran Namoda ko Shinkafi. Ta gaske giram 28 ce, kuma mayen ƙarfe ba ya kama ta. Don Allah kada ka goge ta da toka ko lemon tsami, baƙin nan da ke jikinta masu saye suna son ganinsa. Ka kuma sake bincika adudun, domin sulallan Turawa na 1913 zuwa 1919 su ma azurfa ne.