Darasi: Rumbun Yara, Hanyar Riƙe 'Ya'yanmu a Makaranta

Manufar darasi: Mu ga yadda ƙungiyar gama kai za ta taimaki 'ya'yan mambobinta su zauna a makaranta, su ƙoshi, su kuma iya karatu, da abin da muke nomawa da hannunmu. Shugaba ya sa mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Birni ya iso bakin gonarmu

'Yan'uwa manoma, ran 27 ga Agusta 1991 aka cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta. Tun daga lokacin gari yake ta faɗi. An gina sakatariya da gidajen ma'aikata. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, aka buɗe filin jirgin sama a 2014. Mutanen Limawa, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Dutse, sun ga wannan da idonsu. Wurare da yawa da ake yankan gero a dā, yau an yanka su fuloti-fuloti.

Gonar da aka sayar ba ta dawowa. Wadda ta rage kuwa, in aka raba ta tsakanin 'ya'ya shida, ba za ta ciyar da ko ɗayansu ba. Saboda haka ɗan manomin da yake gefen birni yana bukatar gado na biyu, wato karatu da lissafi da sana'a. In bai samu ba, sai birni ya cinye gonar ubansa, shi kuma ya bar shi da leburanci.

Rubuta suna bai isa ba

Gwamnati ta fara shirin ilimin furamare kyauta a 1976. Dokar tarayya ta 2004 kuma ta ce kowane yaro zai yi shekara 9 kyauta kuma dole, wato 6 a furamare, 3 a ƙaramar sakandare. Amma rubuta sunan yaro a makaranta kamar shuka ne kawai. Wanda ya yi shuka ya tafi bai koma noma ba, ya san abin da zai tarar da kaka. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 7 cikin 10 masu shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi ba. Da yawansu kuwa suna zuwa makaranta.

Abu huɗu ne suka fi cin karatun ɗan manomi.

Na ɗaya, kuɗin watan Satumba. A watan ake komawa sabuwar shekarar karatu. Ko da ba a biyan kuɗin makaranta, akwai yunifom da takalma da littattafan rubutu. Lokacin kuwa rumbu ya yi ƙasa, gyaɗa da riɗi ba su shiga kasuwa ba. Sai yaro ya zauna gida mako uku ko huɗu ana jiran kuɗi.

Na biyu, fashi. Zangon karatu na uku yakan haɗu da shuka da noman fari, na ɗaya kuma ya haɗu da girbi. 'Yan mata kuwa talla ce take ɗauke su zuwa tasha da bakin titi.

Na uku, yunwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya fito ba karin kumallo, kafin ƙarfe 10 ya fara gyangyaɗi.

Na huɗu, zazzaɓin cizon sauro, wanda yake tsananta daga Agusta zuwa Oktoba. Maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina na yara ne masu wata 3 zuwa wata 59. 'Yan makaranta ba su ciki, don haka kada a bar su su kwana ba gidan sauro.

Yadda za a kafa rumbun yara

Mun san hatsi yakan yi araha da kaka, ya yi tsada da damina. Mun kuma san manomi yakan sami abin hannu a watan Nuwamba, ya rasa a watan Satumba. Rumbun yara shi ne zai ɗauko albarkar kaka ya kai ta lokacin da ake bukatarta.

Ga misali. A ce ƙungiya tana da mutum 30. Da kaka kowa ya kawo tiya 4 ta gero ko dawa ko wake. Ya zama tiya 120, wato buhu 3 ke nan, tun da buhu yakan ci tiya 40. Magatakarda ya rubuta sunan kowa da abin da ya kawo a littafi dabam, ba littafin taki ba. Makulli ya zama biyu, ɗaya a hannun ma'aji, ɗaya a hannun macen da mata suka zaɓa.

A tabbata hatsin ya bushe sarai. A zuba shi a buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. In an ɗaure kowane riɓi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari sai su mutu ba tare da an sa magani ba. Wannan ya fi kyau ga abincin yara. A ɗora buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango.

Buhu biyu a sayar da su da damina, a Shuwarin ko wata kasuwa, a ajiye kuɗin domin Satumba. A sayi yadin yunifom da littattafan rubutu a sari, gama sari ya fi sauƙi. A lura, ba kowace shekara farashi yake hawa ba. A 2025 hatsi ya karye, waɗanda suka ɓoye domin riba suka yi hasara. Saboda haka kada ƙungiya ta ci bashi tana dogara ga tsadar da ba ta zo ba.

Buhu na uku abinci ne. Tiya ɗaya takan kai kilo biyu da rabi. In an dama wa kowane yaro kunu da giram 50, tiya ɗaya za ta ba da kofi 50, buhu kuma kofi 2,000. Wannan zai ishi yara 30 har kwana 65, wato zango guda. A fi ba da shi a zango na uku, lokacin da abinci ya ja baya a gidaje. In ana so kunun ya gina jiki, a haɗa awo 6 na hatsi, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A soya kowanne dabam, a niƙa su tare. Mata su riƙa damawa bi da bi.

Sharaɗin cin rumbu

Rumbun yara ba sadaka ba ne, yarjejeniya ce. Wanda ɗansa zai ci moriyarsa ya yi alkawari a gaban taro cewa yaron ba zai je gona ko talla a lokacin aji ba. Aikin gona ya zama da yamma da ranakun hutu. In aiki ya yi wa wani yawa, ƙungiya ta yi masa gayya maimakon ya cire yaro. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su riƙa ziyartar hedimasta sau ɗaya a wata su duba rajista. Ya kamata kuma ɗaya daga cikinsu ya nemi shiga kwamitin kula da makaranta.

A gwada, kamar yadda ake gwada iri

Manomi mai hankali yakan jiƙa iri kaɗan ya ga ko zai tsira. Haka za mu yi da karatu. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta koyar da wata hanya mai sauƙi. A rubuta haruffa, da kalmomi, da jimloli huɗu, da ɗan gajeren labari a takarda ɗaya da Hausa. A kira yaro shi kaɗai, ba tsawa ba bulala, a ga inda ya tsaya. Sa'an nan a raba yara bisa ga inda suka tsaya, ba bisa ga ajinsu ba. Masu haruffa wuri ɗaya, masu kalmomi wuri ɗaya. A yi musu awa ɗaya da yamma, a sake gwaji bayan wata uku. Ɗan maƙwabci da ya zo, kada a kore shi.

Wa zai koyar? Matasanmu da suka gama sakandare suna zaune. A ba biyu daga cikinsu wannan aiki, a saka musu da tiya kaɗan daga rumbu. In rumbu ya yi ƙarfi, a biya wa saurayi ɗaya da budurwa ɗaya kuɗin koyon sana'ar da birni yake nema, kamar walda, gini, haɗa wutar sola, ɗinki, ko renon dashen dabino. Wanda aka koya wa ya koya wa na bayansa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Gona nawa aka sayar a unguwarmu cikin shekara 10? Me aka yi da kuɗin?
2. Yaranmu nawa ne ba su koma makaranta a makon farko na Satumba ba? Me ya hana su?
3. Tiya nawa kowannenmu zai iya bayarwa ba tare da gidansa ya shiga wahala ba?
4. In uwa ta dogara ga kuɗin tallar 'yarta, yaya ƙungiya za ta taimake ta ta sayar da kayanta ta wata hanya?

Aikin wannan wata: Magatakarda ya rubuta sunan kowane yaro mai shekara 6 zuwa 15 na gidajen mambobi, da ajinsa, da matakin da ya tsaya a gwajin karatu. A kawo littafin taro mai zuwa, a ranar kuma a yanke yawan tiyar da kowa zai kawo.