Ganyen Lalle

Kowane yaro ya san lalle, wanda mata ke ƙunshi da shi ran biki. Amma ba ado kaɗai ke cikin ganyen nan ba. Akwai wani sinadari a cikinsa wanda masana ke kira lawson, shi ne ke kama fata da farce ya rina su ja. An kuma gano ruwan ganyen yana hana waɗansu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, irin masu sa miki ya yi mugunya.

Ga yadda masana ke gwadawa. Su shanya ganyen a inuwa, su daka, su jiƙa, sa'an nan su tace. Sai su shafa ƙwayoyin cuta cikin wani ɗan faranti, su tsoma 'yar takarda a ruwan lallen, su ɗora a tsakiya. A rufe, a ajiye wuri mai ɗumi har sa'a 24. Kashegari sai a tarar ƙwayoyin sun cika farantin, amma kewayen takardar wayam. In filin nan ya yi faɗi, ruwan yana da ƙarfi ke nan.

Sai dai faranti daban, jikin mutum daban. Garin lallen kasuwa ya sha ƙura da hannaye, in an barbaɗa shi a ɗanyen miki yana iya ƙara masa cuta.