Tsofaffin Kuɗin Ƙarfe: Yadda Ake Gane Mai Daraja da Mai Kuskuren Bugu

Gabatarwa

A garuruwan yammacin Jihar Kano, irin su Gwarzo da Kabo da Getso da Garo, akan sami gidaje da dama da ke ajiye da tsofaffin sulalla a ƙasan adaka ko cikin gwangwani, tun na zamanin cinikin gyaɗa da auduga. Masu irin wannan gado sukan faɗa cikin ɗayan asara biyu. Wani yakan kai su wurin maƙeri a narke, ko ya dirje su da toka da lemon tsami, alhali akwai mai daraja a cikinsu. Wannan shi ne kazar da ta kwana a kan dami. Wani kuma yakan ji jita-jitar cewa duk wani kwabo mai huji miliyoyi ne, sai 'yan damfara su yi masa wayo. Maganin asarar duka biyu ɗaya ne, wato sanin abin da ke ba kuɗin ƙarfe daraja. Masana wannan fanni sun dogara ne a kan abubuwa uku: ƙarancin kuɗin, da lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa. Tsufa shi kaɗai ba ya cikin lissafi.

Daga Wuri Zuwa Kwabo

Kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Shi kuwa wuri ɓawon wani ɗan dodon-koɗi ne na teku, wanda masana halittu ke kira Monetaria moneta, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya aka kawo shi. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Liyarin nan kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai suka nemi kuɗin ƙarfe mai ƙaramar daraja wanda zai maye gurbin wuri. Anini, wato kashi ɗaya cikin goma na kwabo, ya fito a 1907, kuma da sanholo aka yi shi, wato alminiyam. Yana cikin kuɗaɗen kashewa na farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Da yake sanholon bai jure yanayin ƙasar ba, a 1908 aka koma ga haɗin jan ƙarfe da nikil. Anini da dari da kwabo duk masu huji ne, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci a gaba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, a 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma. Ita ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913. Da azurfa ta yi tsada a 1920 aka sauya su zuwa tagulla. Kwabo kuma ya tashi daga fari ya koma ja a 1952.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959 da nasa sulalla: auduga a kan taro, koko a kan sisi, kwakwar manja a kan sule, gyaɗa a kan fataka. Ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka shigo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, dalar gyaɗa kuma ta hau kan kwabo 25. An fitar da naira ɗaya ta ƙarfe a 1991, sa'an nan naira biyu mai ƙarfe iri biyu a 2007. Wanda ya riƙe waɗannan shekaru ya sami ma'auninsa na farko, domin duk kuɗin da shekararsa ta saɓa wa ƙarfensa, to, ko dai jabu ne, ko kuwa abin bincike.

Yadda Ake Buga Kuɗi

Ba a fahimtar kuskure sai an san yadda aikin yake idan ya tafi daidai. Da farko akan murza ƙarfe ya yi faɗi, a yanko 'yan fayafai masu nauyi ɗaya. Daga nan injin yakan ajiye faifai tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya na fuska ɗaya na baya, da wata ƙawanya da ke riƙe gefensa. Bugu ɗaya mai nauyin tan masu yawa yakan tilasta ƙarfen ya malala cikin zanen hatimin, ba tare da an narka shi ba. Wannan malala ce ke barin wani sheƙi na musamman a kan sabon kuɗi, wanda idan ya gushe babu gugar da za ta mayar da shi.

Kuɗin Afirka ta Yamma ba a wuri ɗaya aka buga su ba. Idan aka duba da gilashin ƙara girma, za a ga wani ɗan ƙaramin harafi a kan wasu. Harafin H na nufin masana'antar Heaton da ke Birmingham, KN na nufin King's Norton, SA kuwa Pretoria ta Afirka ta Kudu. Wanda ba shi da harafi, masana'antar sarauta ta Landan ce ta buga shi. Kwabo biyu masu shekara ɗaya na iya bambanta ƙwarai a daraja saboda wannan harafi, domin wata masana'anta ta buga da yawa, wata kaɗan.

Kuskuren Bugu da Darasin Gado

Kuskuren bugu iri uku ne. Na farko kuskuren faifai, kamar a yanko shi da giɓi, ko faifan wani kuɗi ya ɓata hanya ya shiga injin wani. Na biyu kuskuren bugun kansa, kamar faifai ya goce zanen ya fito a karkace, ko a buge shi sau biyu, ko hujin kwabo ya kauce daga tsakiya. Na uku kuskuren hatimi, kamar ya tsage ya riƙa barin wani siririn layi mai tudu a kan kuɗi.

Ɗalibin ilimin halittu zai ga wani abu da ya sani a nan. Tabon da akuya ta samu a jikinta ba ya bin 'ya'yanta, amma sauyin da ya auku a ƙwayar gadonta yana iya bayyana a zuriyarta. Haka kuskuren bugu yake tsayawa a kan ƙwayar kuɗi ɗaya tak, shi kuwa kuskuren hatimi kowane kuɗi da hatimin ya buga sai ya gaje shi, a wuri ɗaya da siffa ɗaya. Saboda haka ake iya tabbatar da kuskuren hatimi ta hanyar kwatanta shi da 'yan'uwansa da aka riga aka sani.

Mafi ban sha'awa a wannan aji shi ne wanda masana suka raɗa wa suna alfadari. Kamar yadda alfadari yake ɗan jaki da goɗiya, haka wannan kuɗi yake fitowa idan ma'aikaci ya haɗa hatimin fuskar wani kuɗi da hatimin bayan wani. Kwabon Afirka ta Yamma yana da irin waɗannan. A 1936 masana'antar Heaton tana buga wa Afirka ta Yamma kwabo, tana kuma buga wa Afirka ta Gabas senti goma, dukansu masu huji da faɗi kusan ɗaya; sai aka sami waɗanda suka fito da fuskar Gabas da bayan Yamma. Haka nan akwai kwabo mai shekarar 1956 amma da sunan Sarki Joji na Shida, wanda ya rasu tun Fabrairun 1952. Irin waɗannan a cikin kuɗin kashewa suka fita, don haka ba abin mamaki ba ne a tsinci ɗaya a gwangwanin wani gida a Kabo.

Sai dai a kula: huji da ƙusa, da lanƙwasa, da tabon wuta, da cin ƙasa, duk raunuka ne da suka sami kuɗi bayan ya bar masana'anta. Rage daraja suke yi, ba ƙarawa ba.

Labari Daban, Ƙaranci Daban

Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar, kafin a fitar da kuɗi mai hotonsa a ƙasarsa. Amma da yake kuɗi mai huji ba ya bukatar hoto, an fitar da anini da dari da kwabo masu sunansa a Afirka ta Yamma. Labari ne mai daɗi, amma miliyoyi aka buga, don haka farashinsu bai taka kara ya karya ba. Liyari ma haka yake. Shekarar 1780 da ke jikinsa shekarar rasuwar sarauniyar ce, an kuma ci gaba da buga shi da wannan shekara har zuwa wannan zamani, fiye da miliyan 300. Mafi yawan liyari nauyin azurfarsu ne darajarsu.

Auna Lafiyar Kuɗi

Masana sukan jera kuɗi hawa-hawa bisa yadda hannu ya cinye shi. A ƙasa akwai wanda ya shafe sai da ƙyar ake karanta shekararsa. Sama da shi akwai wanda manyan zane suka fito amma ƙanana suka gushe. Sai wanda gogewar ta taɓa wurare masu tudu kaɗai, kamar gashin sarki, da duwatsun kambi, da ganyen kwakwa. A ƙololuwa kuma akwai wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, yana nan da sheƙinsa na masana'anta. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 70, inda 60 zuwa 70 ke nufin kuɗin da ba a kashe ba. Da shi kamfanonin tantancewa irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, da aka kafa a 1987, suke aiki. Sukan duba kuɗi su rufe shi cikin 'yar roba mai lamba. Tsakanin sulen da ya sha hannu da ɗan'uwansa sabo fil, farashi na iya ninkawa sau da yawa.

A nan ne wanki yake yin ɓarna. Duhun da ke rufe tsohon kuɗi wani siririn ɓawo ne da iska ta haifar, kuma yana kare ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Tsamin lemo yana cinye shi, toka da yashi kuma suna barin dubban ƙananan karce waɗanda gilashi ke nunawa nan take. Kuɗin da aka dirje ya sauka daga hawansa ke nan har abada. Abin da ya kamata shi ne a riƙe shi ta gefe, domin gumi yana da gishiri, a sa kowanne cikin 'yar ambulan ta takarda, a rubuta shekara da harafi da inda aka samo shi, a kuma nisanta shi da laimar damina. Koren tsatsa mai gari-gari alama ce ta cewa gishiri yana cin tagullar, sai a ware wannan daga sauran.

Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Duk abin da ya yi tsada sai an yi jabunsa. A 1943 Amurka ta buga sentinta da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, domin yaƙi yana bukatar jan ƙarfe. 'Yan fayafan tagulla da suka rage a injin suka bugu bisa kuskure, har aka sayar da ɗaya dala miliyan 1.7 a 2010. 'Yan damfara sukan shafa wa na baƙin ƙarfe ruwan jan ƙarfe, amma mayen ƙarfe yana tona asirinsu cikin daƙiƙa ɗaya.

Kowane ɗakin gwaje-gwaje na makarantar sakandare yana iya yin irin wannan bincike. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa ko tagulla ko farin kwabo. Ma'auni kuma ba ya ƙarya: sulen zamanin Turawa giram 5.66 ne, liyari kuwa giram 28 da 'yan kai. Gwajin Arkimidis ya fi su duka. A auna liyari a iska, a kuma rataye shi da zare a auna shi cikin ruwa. Na gaske zai rage kimanin giram 2.75. Idan aka raba nauyinsa da wannan ragi za a sami kusan 10.2. Na tagulla mai rufin azurfa ba zai kai 9 ba. Jabun da aka yi ta hanyar zubi kuma yakan nuna ƙananan ramuka na kumfar iska, da layin haɗi a gefe, ƙararsa kuma a mace take. Yawan jabu ne ma ya sa a 1938 aka yi wa sule da fataka wani kwari na musamman a gefe.

Mai saye, ko a Kasuwar Kurmi ko ta intanet, ya riƙe gilashinsa da ma'auninsa, ya nemi farashin da aka sayar da irin kuɗin a gwanjo, ba wanda wani ya yi wa kayansa ba. Mai sayarwa kuma ya guji duk wanda ya ce a fara biyan kuɗin gwaji kafin wani attajiri ya zo, ko ya ce akwai jar zaiba a cikin kwabo. Babu wani abu a cikinsa sai ƙarafan da aka ambata. Har ila yau, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba, don haka wanda garmarsa ta tono tukunyar kuɗi ya sanar da hukumar kafin ya tarwatsa ta.

Kammalawa

Mafi yawan sulallan da ke gidajen Gwarzo da Kabo ba za su mai da kowa attajiri ba, amma ɗaya cikin tarin na iya zama alfadari, ko mai harafin da ba a cika samu ba. Ba a gane shi sai da irin aikin da masanin halittu ke yi wa ƙwari da tsirrai: a tara, a duba da kyau, a auna, a kwatanta, a rubuta. Mai son ganin misalai yana iya ziyartar Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja. Kafin nan, a zazzage gwangwani a kan farin ƙyalle, a jera su shekara-shekara, kada kuma a wanke ko ɗaya.