Ma'anar Baftisma Da Manufarta: Darasi Daga Bakin Kogin Haɗejiya



Darasinmu na wannan wata a kan baftisma yake. Abin da ya sa muka zaɓe shi kuwa shi ne wata al'ada da ta fara samun gindin zama a tsakaninmu. Sau da dama mukan ga yaro ya shekara biyu ko uku ba a yi masa baftisma ba. In aka tambayi iyayen, sai su ce suna jiran kaka don su sami rago da kuɗin biki. Wani lokaci zazzaɓi ko ambaliya yakan riga kakar zuwa. Saboda haka ya kamata mu sake tambayar kanmu: mece ce baftisma, don me kuma Ubangiji ya ba mu ita?

1. Ruwa kamar yadda muka san shi

Mutumin Auyo ba ya bukatar a koya masa halin ruwa. Kogin Haɗejiya yana samun ruwansa daga kogunan Kano da Challawa, waɗanda aka datse da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Yakan biyo ta Wudil da Ringim, ya ratsa ƙasar Auyo da Haɗejiya, ya bazu cikin fadamun Nguru, ragowarsa ta bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Mun ga ƙarfinsa a ambaliyar 2018, mun sake gani a 2022, sa'ad da gonakin shinkafa suka nutse, gidajen laka suka zube, hanyoyi suka yanke, tafiya ta koma sai da kwalekwale. Amma kogin nan dai shi ne abincinmu. Idan ruwa ya janye sai a kama kifi, a shuka alkama da tumatir da barkono, fadama ta yi kore shar a tsakiyar rani.

Ashe ruwa yana kashewa, yana kuma rayarwa. Wannan shi ne mabuɗin darasinmu, gama Allah ya zaɓi ruwa ne domin ya yi ayyukan nan biyu a cikinmu: ya kashe tsohon hali na zunubi, ya haifi sabon mutum.

2. Shaidar Littafi Mai Tsarki

Kalmar baftisma daga Helenanci ta fito, ma'anarta kuwa nutsarwa ko tsomawa cikin ruwa. Tun a Tsohon Alkawari Allah ya yi ta nuna hotonta. A zamanin Nuhu ruwan tufana ya share mugunta, ya kuma ɗaga jirgin da mutum takwas suka tsira a ciki. A Bahar Maliya rundunar Fir'auna ta hallaka, Isra'ilawa kuwa suka haye daga bauta zuwa 'yanci.

Da lokaci ya cika, Yesu da kansa ya shiga Kogin Urdun, Yohanna Mai Baftisma ya yi masa baftisma. Ba shi da zunubin da za a wanke. Ya shiga ne domin ya tsaya tare da masu zunubi, ya kuma tsarkake ruwa dominmu. Ya gaya wa Nikodimu cewa shiga Mulkin Allah sai ta haihuwar ruwa da Ruhu (Yohanna 3). Bayan tashinsa daga matattu ya umarci manzanni su almajirtar da dukan al'ummai, suna yi musu baftisma (Matiyu 28). A ranar Fentikos kaɗai an yi wa mutum wajen 3,000. Manzo Bulus kuma ya bayyana zurfin al'amarin a cikin Romawa sura 6: wanda aka yi wa baftisma an binne shi ne tare da Kristi, domin ya tashi tare da shi cikin sabuwar rayuwa.

3. Abin da baftisma take yi

Ikilisiya tana koyar da cewa baftisma ita ce ƙofar sauran Sakramenti shida. Wanda bai shiga ta wannan ƙofa ba, ba zai karɓi Ƙarfafawa ko Jibin Ubangiji ba. Ga abubuwa huɗu da Allah yake yi ta wurinta.

Na fari, tana wanke zunubi. Tana kawar da zunubin asali da muka gada daga Adamu, ga babba kuma tana kawar da dukan zunuban da ya aikata da kansa, komai yawansu.

Na biyu, tana mai da mu 'ya'yan Allah. Ruhu Mai Tsarki yakan sauka ya zauna a cikinmu, har mu sami bakin kiran Allah Ubanmu.

Na uku, tana shigar da mu cikin Ikilisiya, wato jikin Kristi. A nan babu baƙo babu ɗan gari. Bahaushen da ya fito daga Maguzanci, da ɗan kasuwar da ya zo daga kudu, da ma'aikacin da aka turo daga Filato, uwa ɗaya ta haife su.

Na huɗu, tana sa hatimi a rai wanda ba ya gogewa. Shi ya sa sau ɗaya tak ake yin ta. Ko wanda aka yi wa baftisma a wata ikilisiya, muddin da ruwa aka yi, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da niyyar yin abin da Ikilisiya take yi, ba a sake masa ita idan ya zama Katolika.

Alamun da muke gani a majami'a duk wannan suke koyarwa. Man Kirisma da ake shafa wa ka yana nuna an keɓe mutum ga Kristi. Farar riga tana nuna tsarkin da aka ba shi. Kyandir da ake kunnawa daga babban kyandir na Ista yana nuna hasken da aka danƙa masa ya riƙe.

4. Kurakurai uku da za mu guje wa

Kuskure na fari shi ne ɗaukar baftisma kamar bikin suna. Suna abu ne mai kyau, yana tara dangi da maƙwabta, muna kuma girmama maƙwabtanmu Musulmi da suke yin nasu bayan kwana bakwai. Amma suna yana shigar da jariri cikin dangi ne, baftisma kuwa cikin iyalin Allah. Ba ta bukatar rago ko buhun shinkafa ko sabon ɗinki. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta ce kada a hana matalauci Sakramenti saboda talaucinsa. Wanda yake da hali ya yi biki daga baya, wanda ba shi da shi ya kawo ɗansa hakanan. Game da suna kuma, abin da ake nema kawai kada ya saɓa wa bangaskiyar Kirista. Sunan waliyyi yana da kyau ƙwarai, haka kuma Alheri da Godiya da Murna sunaye ne masu daɗi.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukarta kamar laya ko rubutun sha. Baftisma ba ta hana zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda. Yaron da aka yi wa ita yana bukatar gidan sauro da rigakafi da asibiti kamar kowane yaro. Alkawarinta ya fi wannan girma: ko mutuwa ba za ta ƙwace mu daga hannun Kristi ba.

Kuskure na uku shi ne neman ta saboda kati. Katin baftisma yana da amfani wajen aure da shiga makaranta, mu adana shi inda ruwa da gara ba za su kai ba. Amma kati shaida ce kurum. Ran Shari'a rayuwarmu za a duba.

5. Jarirai da manya

Wasu 'yan'uwa Kirista sukan tambaye mu: don me kuke yi wa jariri baftisma tun bai san komai ba? Amsarmu ita ce, baftisma kyautar Allah ce, ba ladan ilimi ba. Uwa ba ta jira jariri ya san amfanin nono kafin ta ba shi. A cikin Ayyukan Manzanni sura 16 an yi wa Lidiya baftisma tare da mutanen gidanta, haka ma mai tsaron kurkukun Filibi da iyalinsa duka. Dokar Ikilisiya ta ɗora wa iyaye nauyin kawo jariri cikin makonnin farko bayan haihuwa. Ana bukatar yardar aƙalla ɗaya daga cikin iyayen, da kuma kyakkyawan zato cewa za a rene shi cikin bangaskiyar Katolika.

Jinkiri tsohon ciwo ne. Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa da aka haifa a 354, ya yi ciwo mai tsanani yana yaro har aka shirya yi masa baftisma. Da ya warke sai aka ɗaga, bisa al'adar zamanin. Sai a daren Ista na 387, yana da shekara 32, Bishop Ambros ya yi masa ita a birnin Milan, daga baya kuma shi da kansa ya yi kukan wannan jinkiri. Labarinsa ya shafe mu, gama Bishop Patrick Sheehan, wanda a hannunsa Kano ta zama cikakken dayosis a 1999, da Bishop John Niyiring da ya gaje shi a 2008, dukansu 'yan ƙungiyar Waliyyi Agustin ne.

Ga babba kuwa hanyar daban ce. Majalisar Vatikan ta Biyu (1962 zuwa 1965) ta umarta a maido da tsohon tsarin shirya manya mataki mataki, aka fitar da shi a 1972. Mai nema yakan shiga aji, ya koyi bangaskiya, ya gyara zamansa, a ƙarshe ya karɓi Baftisma da Ƙarfafawa da Jibin Ubangiji tare, yawanci a daren Ista. Majalisar nan ta kuma nanata cewa ba a tilasta wa kowa bangaskiya. Don haka ba mu jawo mutum da kyauta ko da tsoro.

Uban baftisma ko uwar baftisma kuma ba don arziki ake zaɓensu ba. Sai Katolika mai shekara 16 zuwa sama, wanda ya karɓi Ƙarfafawa da Jibin Ubangiji, mai zaman da ya dace da bangaskiya, ba kuma mahaifi ko mahaifiyar yaron ba.

6. Idan rai yana cikin haɗari

A ka'ida Bishop ko Fada ko Dikin ne suke yin baftisma. To, yaya za a yi idan jariri ya galabaita da tsakar dare, ruwa ya yanke hanya, Fada yana nesa? Ikilisiya ta ce a irin wannan hali kowa yana iya yi: katikis, ungozoma, kaka, har uwa ko uba. Ga yadda ake yi:

(a) A sami ruwa na ainihi, na rijiya ko na kogi ko na randa.
(b) A zuba a kan mai ciwon sau uku.
(c) Mai zubawar, shi da kansa, ya kira sunansa, ya ce yana yi masa baftisma da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki.
(d) Daga baya a sanar da Fada domin a rubuta a littafin rajista. In ya rayu, a kawo shi majami'a a cika sauran addu'o'in, ba tare da sake zuba ruwa ba.

Kada a canja kalmomin. A 2020 Vatikan ta bayyana cewa baftismar da aka ce "muna yi maka" maimakon "ina yi maka" ba ta inganta ba, domin Kristi ne da kansa yake yin ta ta bakin mai hidima. Babba kuwa sai in ya nuna yana so.

Muna da misali daga Yuganda. A watan Mayu 1886, da Charles Lwanga ya ga mutuwa ta gabato, ya yi wa wasu samarin fadar sarki baftisma da dare, har da yaron nan Kizito, ko da yake shi ba Fada ba ne. Ranar 3 ga Yuni aka ƙone su a Namugongo, Paparoma Bulus na Shida kuma ya sa su cikin waliyyai a 1964.

Ku iyayen da kuka rasa jariri kafin a kai ga baftisma, kada ku yanke ƙauna. Allah ya ɗaure mu da Sakramenti, amma bai ɗaure kansa ba. Ikilisiya tana miƙa irin waɗannan yara ga jinƙansa, a 2007 kuma kwamitin masana tauhidi na Vatikan ya tabbatar da cewa akwai ƙwaƙƙwaran dalili na sa zuciya ga cetonsu. Wannan ta'aziyya ce ga wanda abin ya riga ya samu, ba izinin sakaci ba ce ga sauranmu.

7. Bayan baftisma

Manoman kwarin nan sun san kacala. Idan aka ƙyale ta takan toshe hanyar ruwa, gona ta bushe alhali kogi yana kusa, ko ruwa ya bi inda ba a so. Ba a kuwa share ta sai da aikin gayya. Haka rayuwar mai baftisma take. Alherin yana nan, amma gaba da shaye-shaye da zuwa wurin boka da ƙauracewa Misa sukan toshe shi. Maganinsu tuba ne da furta zunubi, da addu'ar iyali, da taimakon juna. A wurin da muke 'yan ƙalilan, gaskiyarmu a kasuwa da hannun da muka miƙa wa maƙwabcin da ruwa ya ci gidansa, ko wane ne shi, su ne wa'azin da za a fi ji.

Tambayoyi don tattaunawa a Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa:
1. Wane ne a cikinmu ya san ranar baftismarsa?
2. Akwai yaro a gidanmu da ba a yi masa ba? Me muke jira?
3. In haɗari ya zo yau da dare, za mu iya yin baftisma daidai?

Addu'a: Ya Allah Ubanmu, kai da ka haife mu ta ruwa da Ruhu Mai Tsarki, ka riƙe mu cikin alkawarin baftismarmu, ka kiyaye 'ya'yanmu, ka ji ƙan waɗanda ambaliya ta shafa. Mun roƙa ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.