Darasin Kwamfuta: Na'urori Nawa Ya Kamata Su Zauna A Zaure Ɗaya?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa shiga tashar mota ta Jibiya ya ji ɗan kamasho yana ɗaga murya: "Maraɗi! Saura mutum ɗaya!" Mai zuwa Katsina zai ji, mai tallar fura ma za ta ji, alhali kiran ba nasu ba ne.

Haka kwamfutocin da aka haɗa da suwic ɗaya suke. Idan ɗaya tana neman wata, sai ta yi shela ga kowa: "Wa ke da wannan adireshi?" Wannan tambaya ita ake kira ARP. Dole kowace na'ura ta saurara, ta duba, sannan ta watsar idan ba da ita ake ba. Iyakar inda shelar ke kaiwa shi za mu kira zauren shela. Rauta ce ke tare ta, kamar yadda shingen Magama ke tsayar da mota kafin ta wuce Ɗan Isa.

To, nawa ya kamata zaure ya ɗauka? Babu dokar da ta yanke adadi. Rabon da aka fi sabawa da shi, wato /24, yana da adireshi 256, amma biyu ba a ba kowa su, saura 254. Tsohuwar shawarar kamfanin Cisco ita ce kada a wuce kimanin 500. Idan aka yi yawa, surutu na cinye lokacin aiki, kuma waya ɗaya da aka soka ba daidai ba tana iya tsayar da kowa. A kan wayafai abin ya fi muni, domin shela tana tafiya ne da mafi ƙarancin gudu.

'Yan aji shida, ku lura da wannan. Hukumar JAMB na neman cibiyar jarabawa ta tanadi kwamfuta 250, da ƙarin 25 na ko-ta-kwana. Jimla 275 ke nan, ba a ma lissafa saba ba. Kun ga 254 ta gaza, sai an koma /23 mai ɗaukar 510.

A makaranta irin tamu kuwa, a ganina gara a raba tun da wuri ta hanyar VLAN: ɗakin kwamfuta daban, ofishin shugaban makaranta daban, wayoyin malamai daban. Suwic ɗaya ya isa, in dai irin wanda ake iya saitawa ne.