ASALIN KALMAR "SULƊAN" DA MA'ANONINTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mutane da yawa sun ɗauka kalmar "Sulɗan" sarki kawai take nufi. To, a cikin Alƙur'ani mai girma ta zo sau 37, kuma galibi ma'anarta hujja ce bayyananniya ko iko, ba mutum mai rawani ba. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, cewa yana fassara ta da hujja. Wasu malaman lugga kuwa sun danganta ta da "saliiɗ", wato man da ake zuba wa fitila, domin hujja haskakawa take yi.

Daga baya ne aka ɗora sunan a kan mai riƙe da ikon. Masana tarihi suna ambaton Mahmudu na Gazna, wanda ya yi mulki daga 998 zuwa 1030, cikin na farkon da aka kira haka. Bayansa Saljuƙawa da Usmaniyawa suka mai da shi laƙabin sarakunansu.

A ƙasar Hausa, Shehu Magili ya kira Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) Sulɗanin Kano cikin wasiyyar da ya rubuta masa. Amma da jama'a suka yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mubaya'a a Gudu cikin 1804, Amirul Muminina suka kira shi, Hausawa suka ce Sarkin Musulmi. Bayan 1903 ne Turawa suka tsayar da "Sultan" a takardunsu ga mai sarautar Sakkwato.

Abin lura a nan shi ne, hujja ta riga mulki cikin wannan kalma. Saboda haka hakimi ko dagaci ko mai unguwa, a Bebeji ne ko Kiru, Tudun Wada ko Doguwa, idan aka kawo masa rikicin iyakar gona ko na manomi da makiyayi, ya saurari kowane ɓangare, ya nemi shaidu kafin ya yanke magana. Wanda ya yi hukunci ba tare da hujja ba ya riƙe suna ya saki ma'ana, kuma za a tambaye shi ranar gobe ƙiyama.

Allah Ya yi wa shugabanni jagora, Ya ba su ikon yin adalci, amin.