DARASIN KIWON LAFIYA: TSOFAFFI, MAGANIN ƘWAƘWALWA DA CIWON NIMONIYA

A garuruwa irin su Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Kebbe da Kuchi, akan sami tsoho ko tsohuwa mai gigin tsufa ko taɓin hankali. Wani ba ya barci da dare. Wani yakan yi ta faɗa. Iyalai sukan kai irin waɗannan bayin Allah asibiti, wani lokaci har Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Likita yakan ba da maganin da zai kwantar musu da hankali, kamar Largactil ko Haloperidol ko Valium.

Waɗannan magunguna suna da amfani. Amma ga tsoho suna iya buɗe wa ciwon nimoniya ƙofa. Nimoniya ita ce ciwon huhu da ake kira sanyin haƙarƙari. Tana kashe tsofaffi da sauri in aka yi sakaci.

Yaya magani ke jawo nimoniya?

A maƙogwaron mutum akwai hanya biyu. Ɗaya ta abinci ce, tana zuwa ciki. Ɗaya ta iska ce, tana zuwa huhu. Idan ruwa ya ɓace hanya, mai lafiya yakan ƙware, ya yi tari, ya fito da shi.

Maganin ƙwaƙwalwa yana sa barci da kasala. Yana kuma raunana haɗiya da tari. Saboda haka kunu ko fura ko miyau sai su zurara cikin huhun tsoho, bai ma sani ba. Ƙwayoyin cuta na baki su bi su. Daga nan sai huhu ya kamu.

Likitoci sun daɗe da lura da haka. A shekarar 2008, wani bincike a ƙasar Holan ya nuna tsofaffi masu shan maganin taɓin hankali sun fi sauran tsofaffi kamuwa da nimoniya. Haɗarin ya fi yawa a makon farko na fara shan magani. A Amurka ma, hukumar kula da magunguna ta yi gargaɗi a 2005 da 2008 kan ba masu gigin tsufa irin wannan magani.

Alamomin da za a lura da su

1. Tari, ko ƙwarewa a lokacin cin abinci.
2. Numfashi sama-sama. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya kai 25, akwai matsala.
3. Ciwon ƙirji ko haƙarƙari.
4. Ƙin abinci da yawan barci fiye da kullum.
5. Ruɗewa ta ƙaru farat ɗaya.

A kula sosai: tsoho yana iya kamuwa da nimoniya jikinsa bai yi zafi ba. Sau da yawa ruɗewa ce alamar farko. Nan ne iyali kan yi kuskure. Sai su ce ciwon ne ya tashi, su ƙara masa ƙwaya. Ƙarin ƙwaya kuwa ƙarin haɗari ne.

Abin da ya kamata a yi

1. A zaunar da tsoho sosai kafin a ba shi abinci. Kada a yi masa ɗura yana kwance.
2. Kada a ba shi abinci yana gyangyaɗi. A jira ya wartsake.
3. A ba shi loma ƙanana, a hankali. Sai ya haɗiye ɗaya a ba shi wata.
4. Bayan cin abinci, ya zauna kamar rabin awa kafin ya kwanta.
5. A wanke masa baki da asuwaki ko buroshi safe da dare.
6. A lokacin hunturu a lulluɓe shi, a nisanta shi da ƙura da hayaƙin itace.
7. Kada a sayo masa maganin barci a kemis ko wurin masu talla a kasuwa.
8. Kada a tsayar da maganin da likita ya rubuta, kada kuma a ƙara. Tsayarwa farat ɗaya na iya tayar da ciwon. In an ga matsala, a koma wurin likita. Shi zai rage ko ya canza.

Da an ga alamun nimoniya, a garzaya Babban Asibitin Tambuwal ko asibiti mafi kusa a ranar. Kada a jira gobe. A tafi da dukkan magungunan da tsohon ke sha, a nuna wa likita. Nimoniya tana warkewa in an kai mutum da wuri. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi ga 'yan aji

1. Hanyoyi nawa ne a maƙogwaro?
2. Wane mako ne ya fi haɗari bayan fara shan magani?
3. Me ya sa ba a ba tsoho abinci yana kwance?
4. Wa ke da ikon rage magani ko canza shi?